Tukunyar oksijin da ban buɗe ba

Lokacin da takardar izinin aiki ta zo hannuna, bayan na kammala horon ma'aikacin agajin gaggawa na lafiya, wurare biyu ne suka neme ni a Birnin Kebbi. Na farko asibiti ne mai tsohuwar mota guda ɗaya wadda fentinta ya koɗe, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Na biyu wani kamfani ne mai zaman kansa da ke da motocin ɗaukar marasa lafiya sababbi guda biyu, farare fat, ya kuma ɗora naira dubu 25 a kan abin da asibitin ya ce zai ba ni. Ban daɗe ina shawara ba. Mahaifina ya sayar da buhunan shinkafa ba ɗaya ba, ba biyu ba, kafin na gama karatun nan, ina kuma so ya ga amfanin abin da ya kashe, saboda haka na nufi inda kuɗi ya fi tsoka. Har gobe ban ga aibin wannan niyya ba. Kuskurena yana cikin abin da na duba da abin da na bari ban duba ba a ranar da aka kira ni ganawa.

Manajan da kansa ya buɗe mini bayan motar. Ga gadon majiyyaci ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba, ga akwatunan magani a jere, ga ƙaramar tukunyar oksijin ta hannu, ga kuma babbar a ɗaure daga bayan kujerar direba, allurar gejinta, wato ma'aunin iskar da ke ciki, tana nuna cike take. Na yi tambaya a kan albashi, da ranakun hutu, da rigar aiki. Ban ce a kawo sifana in buɗe babbar tukunyar nan ba, alhali an koya mini, na kuma rubuta shi a jarrabawa. Kunya ce ta hana ni, domin gani nake bai dace sabon yaro mai neman aiki ya tsaya yana bincikar kayan wanda zai ɗauke shi ba.

Wata uku na yi a wurin kafin abin ya faru, kuma a cikinsu majiyyatan da na raka ba su cika yatsun hannu biyu ba. Galibin aikin kai gawa ne gida, zuwa Jega ko Bunza ko Kamba, don a samu a yi jana'iza kafin rana ta faɗi, sai kuma tsayuwa a wuraren taro inda ake son a ga motar asibiti a gefe. Kai mamaci ga danginsa aikin lada ne, ban taɓa raina shi ba, amma hannun da aka horar don ceton mai rai yana yin tsatsa idan ba ya taɓa mai rai. Babu wani babba a kaina da zan tambaya, babu likitan da zan kira a waya, daga ni sai direba, wani dattijo mai haƙuri da nake kira Baba. Kullum da safe nakan leƙa gejin babbar tukunya in ga allura a inda take, in rufe ƙofa. Sifanar tana cikin durowar manaja, wai don kada a yi ɓarnar iska, ni kuwa ban ga abin damuwa a ciki ba.

Wani dare cikin hunturu aka kira mu mu ɗauki wani magidanci, manomin shinkafa mai kimanin shekara 55, wanda ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, aka tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, sama da awa biyu idan an bi ta Argungu. Na yi lissafina tun a bakin ɗakin majiyyata. Ƙaramar tukunya irin tamu tana ɗaukar kusan lita 680 in ta cika, tamu kuwa ta ɗan taɓu, shi kuma mutumin yana buƙatar lita 10 a minti ɗaya ta takunkumi mai jaka, wato abin da ke cikinta ba zai kai mu awa guda ba. Ban damu ba, tunda na karɓo sifana, babbar tukunya kuma a cike take a ganina. Na maƙala masa na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna 93, babban ɗansa ya zauna daga wajen kansa, muka kama hanya.

Mun wuce Argungu da ɗan kaɗan allurar ƙaramar ta shiga jan layi, alamar ta kusa ƙarewa. Na sa sifana na murɗa kan babbar, ta yi wani gajeren huci, sai shiru. Na sake murɗawa har ƙarshe, 'yar ƙwallon da ke nuna gudun iska ko motsi ba ta yi ba, allurar geji kuwa tana nan daram a kan cike, kamar yadda take tun ranar ganawa. A nan ne na gane cewa gejin ya daɗe da mutuwa, wata uku ina gaisawa da allurar da ta maƙale. Na buga gilashin da ke tsakanina da direba na ce, "Baba, juya, mu koma Argungu, babu iska." Bai tambaye ni dalili ba, ya karya kan mota. Na rage gudun ƙaramar don in ja ragowar, na ƙara ɗaga kan gadon ya zauna sosai, duk da haka lambar tana sauka, 89, 86, har 82. Leɓunansa suka sauya launi, gumi yana tsattsafo masa a cikin wannan sanyi. Ɗan nasa ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Likita, mi ya faru? Baba na ta haki." Na ce masa ya riƙe kafaɗar mahaifinsa ya ci gaba da addu'a, domin ba ni da bakin da zan gaya masa cewa iskar da suka biya kuɗinta babu ita a motar.

Allah ya haɗa mu da mutanen kirki a wani asibiti a Argungu. Ma'aikacin jinyar da ke aikin dare bai ja mu da magana ba, ya sa aka turo tukunya, aka mayar da mutumin kan oksijin, muka jira har lambar ta haura 90, sannan suka ara mana wata muka ƙarasa Sakkwato da asuba. Ya rayu, na kuma ji daga baya cewa an sallame shi. Amma mintocin nan da muka yi a hanyar komawa, waɗanda ba su kai ashirin ba, har yanzu su nake gani idan na rufe ido.

Washegari na je wa manaja da maganar, jikina bai daina rawa ba. Na ce, "Yallaɓai, babbar tukunya babu komai a cikinta, gejin ma ya mutu, saura ƙiris mu rasa mutum a hanya." Ya dube ni ya ce, "To ai bai mutu ba." Daga bisani an gano cewa robar da ke tsakanin bakin tukunya da regileta, wato na'urar daidaita fitar iska, ta cinye, wani kuma ya taɓa barin kan a buɗe, iskar ta tsiyaye sannu a hankali tun kafin zuwana. Robar nan ba ta kai kuɗin cin rana ba. A ƙarshen wata sai na tarar an cire kuɗin cika tukunyar da muka aro daga albashina, wai ni ne mai kula da kayan mota. Abin ya ƙona mini rai, har yau kuma yana ƙonawa, sai dai ba zan ɗora musu duka ba, domin gwajin da zai tona wannan asiri bai wuce minti ɗaya ba. A buɗe kan tukunya a saurara ko akwai yoyo, a bar iska ta gudana, sannan a rufe kan a bar abin da ya rage a layi ya fita. Idan allura ta faɗo zuwa sifili gejin yana da rai, idan ta tsaya inda take to ado ce kawai.

Sai bayan na bar wurin na fahimci cewa tukunyar alama ce ta yadda kuɗi ke shigowa kamfanin. Inda iyalan majiyyaci ne ke biyan kowace tafiya daga aljihunsu, kuma kai gawa ya fi yawa, ya fi sauƙi, ba ya cin oksijin ko safar hannu, babu abin da zai tilasta wa mai mota ya kashe kuɗi a kan kayan ceton rai, balle bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da ya sa kowa ya ƙara matse hannu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki, a kan haka ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, wato NEMSAS, a 2022, wanda manufarsa ita ce a ɗauki mai buƙatar gaggawa ba tare da an tsaya ciniki da danginsa ba. Don haka ya kamata sabon ma'aikaci ya tambayi wanda zai ɗauke shi, kai tsaye, ko motarsa tana cikin wani tsari irin wannan, ko tana ƙarƙashin asibiti, ko kuwa da cinikin bakin ƙofa take rayuwa. Ba na cewa duk kamfani mai zaman kansa haka yake, na san akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna maka wa zai cika tukunya idan ta ƙare.

Na koma wancan asibitin mai tsohuwar mota, na kuwa yi sa'a ba su ɗauki kowa ba. Albashin yana nan yadda yake, ƙarshen wata yana zuwa da ƙyar, ba zan ɓoye ba. Sai dai a makon farko wata babbar ma'aikaciyar jinya, da kowa ke kira Anti, ta miƙa mini wani littafi mai baƙin bango inda ake rubuta matsin kowace tukunya safe da yamma, da sa hannun wanda ya duba, sifana kuma tana rataye da igiya a jikin tukunyar. Ta tambaye ni ko na yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku cikin wata shida, abin da babu wanda ya taɓa tambayata a wancan wuri duk da jinin da nake taɓawa. Akwai likitan da ke ɗaga waya idan ina hanya, akwai kuma ƙa'ida a kan hanyoyin da ba a bi da dare saboda halin tsaro, ba a bar wa direba da ni mu yanke shawara a kan rayukanmu ba. A wata shidan farko ba a taɓa barina ni kaɗai da majiyyaci mai tsanani ba, kuma a wannan lokaci na koyi abin da ya fi na shekarar ƙarshe ta makaranta.

Kwanan baya wani ƙanin abokina da ya gama irin horon nan ya zo ya ce, "Yaya, an kira ni wani wuri, motarsu sabuwa ce, kuɗin ma da auki." Ban hana shi ba, na dai ce zan raka shi. Na gaya masa tun a hanya cewa ya nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce, ya tambayi wa zai zauna da shi a baya a watannin farko, ya kuma tambayi direba a keɓe ko majiyyata nawa suka ɗauka a watan jiya, domin direba ba shi da dalilin yi masa ado da magana. Da muka isa aka buɗe mana motar, komai yana ƙyalli, gejin babbar tukunya yana nuna cike. Yaron ya dube ni, na gyaɗa masa kai, ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, don Allah a taimaka mana da sifana." Mutumin ya ce mai riƙe da ita ya fita, mu dawo wani lokaci. Mun koma bayan kwana biyu, aka sake ce mana bai dawo ba, yaron bai sa hannu a takardar ba.