Abin da na koya a rumfunan tako na Birnin Meziko

Aiki ne ya kai ni Birnin Meziko, kuma ban daɗe ba na gane cewa abincin da ya haɗa kan mutanen garin, daga ma'aikacin banki har zuwa mai share titi, shi ne tako. Fasalinsa ba shi da wuya. Ana ɗaukar tortiya, wato wata siririyar gurasa da ake yi da ƙullun masara wadda faɗinta bai fi tafin hannu ba, a ɗora mata nama ko wake ko ganye, a barbaɗa yankakkiyar albasa da ɗanyen ganyen silantiro, a zuba miyar barkono da suke kira salsa, a matsa lemon tsami, sannan a naɗe a ci da hannu, galibi a tsaye a bakin titi. Sauƙin nan ne yake sa baƙo ya ɗauka duk tako ɗaya ne, alhali tsakanin mai kyau da wanda aka yi don a sallami mai saye akwai tazara mai nisa, kuma yawancin tazarar tana cikin abin da baƙon ba ya kallo, wato ita tortiyar.

Mutanen Meziko ba sa niƙa masara haka nan su yi tortiya da garinta. Sai sun dafa ƙwayar a cikin ruwan da aka zuba wa farar ƙasa irin wadda ake samu daga ƙona dutse, su bar ta ta kwana a jiƙe, washegari su wanke ta har dusar ta saki, sannan su markaɗa ta da damshinta ta zama ƙullu mai danƙo. Wannan dabara ta girmi zuwan Turawan Sifen ƙasar da ƙarnuka masu yawa, kuma ita ce take sa ƙullun ya riƙe jikinsa, ta ba shi ƙamshi na musamman, ta kuma saki sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masarar ta yadda jiki zai amfana da shi. A wuraren da aka karɓi masara ba tare da dabarar ba, kamar arewacin Italiya da jihohin kudancin ƙasar Amurka, talakawan da suka dogara da ita sun sha fama da cutar felagra mai lalata fata. Da na san wannan sai na koma duba tortiya kafin nama. Mai kyau tana zuwa da zafinta daga kan faffaɗan kasko, tana lanƙwasa ba tare da ta tsage ba, kuma ko an ci ta ita kaɗai da ɗan gishiri ana jin masara a baki. Wadda aka yi da garin kanti ta jima a leda kuwa, da romo ya taɓa ta sai ta rabe biyu, naman ya zube a faranti. Masu rumfa da yawa suna haɗa tortiya biyu a tako ɗaya, ta biyun ta tallafi ta farko, kuma mai ci yana iya kwashe abin da ya zuba da ita.

Abu na biyu da na lura da shi shi ne kowane irin tako yana da lokacinsa, kuma wanda ya neme shi a wani lokaci dabam zai samu ragowa ne ko kwaikwayo. Da safe masu keke suke fitowa da babban kwando a baya, an shimfiɗa masa shuɗiyar leda da zane, cike da ƙananan tako na dankali da wake waɗanda suka yi laushi a cikin tiririn junansu. Da yawa daga masu wannan sana'a sun fito ne daga ƙauyen San Vicente Xiloxochitla a jihar Tlaxcala. Daga hantsi zuwa azahar lokacin tako na dafaffen abinci ne, inda ake jera tukwanen ƙasa, wannan da kaza a miyar tumatir, wancan da koren tattasai a madara, wani da ganyen nopal (wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya), wani da shinkafa da dafaffen ƙwai, mai saye ya nuna wadda yake so. Sai dare ya yi sannan manyan rumfunan nama suke kunna fitilunsu, kuma wasu ba sa rufewa sai gab da asuba.

A nan ne Musulmi yake buƙatar natsuwa, domin takon da garin ya fi alfahari da shi, wanda suke kira al pastor, na naman alade ne. Asalinsa daga baƙin Lebanon ne da suka zauna a Meziko, musamman a Puebla, a farkon rabin ƙarni na 20, suka zo da gashin shawarma a kan ƙarfe mai juyawa a tsaye. Daga baya 'yan ƙasa suka maye naman rago da na alade, suka shafa masa jan barkono da wani jan kayan ƙamshi da ake kira achiote, suka ɗora abarba a saman ƙarfen. Wannan a bayyane yake, kauce masa ba wuya. Haka carnitas na jihar Michoacán da cochinita pibil na Yucatán, duk alade ne, kuma sunayensu a rubuce suke a allo. Inda wahalar take shi ne kitsen alade, wanda suke kira manteca, domin yana shiga wuraren da mutum ba zai yi zato ba. Ana soya markaɗaɗɗen wake da shi, ana zuba shi a wasu kwandunan tako na safe, kuma sau da yawa ana kwaɓa tortiyar alkama ta arewacin ƙasar da shi.

Na tsaya na kalli yadda ake dafa suadero, wani yanki na naman saniya da ke tsakanin ciki da cinya, a wata rumfa da ke kusa da masaukina. Kaskon faffaɗa ne mai zagaye, tsakiyarsa ta tasa sama, gefensa kuma kwari ne cike da kitse mai tafasa a hankali. A cikin kwarin naman saniyar yake nutse yana laushi, a gefensa ga hanjin saniya, a gaba kaɗan kuma ga doguwar tsiran alade da aka naɗe, duk a cikin kitse ɗaya. Mai rumfar yana ɗaukar tortiya ya tsoma gefenta a kitsen, ya ɗora a kan tudun tsakiya ta yi zafi, ya ciro naman ya sassara a kan gungumen icen da tsakiyarsa ta lotsa saboda sara. Na gaishe shi da jefe, wato maigida, kamar yadda na ji masu saye suna kiransa don girmamawa, na tambaye shi ko akwai abin da bai taɓa alade ba. Bai ɓoye mini komai ba. Ya nuna kaskon da wuƙarsa ya ce, "Saurayi, duk abin da ke cikin nan ya haɗu, amma ka je wajen mai kan saniya a ƙarshen layi, shi da tiriri yake dafawa." Wannan gaskiya na same ta wajen yawancin masu rumfa, muddin an yi tambayar a fili kuma ba a lokacin da mutane suka yi masa yawa ba. Na koyi cewa tambayar ko naman saniya ne ba ta isa ba, sai an tambayi irin man da kuma ko kaskon ɗaya ne. Batun yanka kuwa, a cikin abokan tafiyata akwai waɗanda suka bi fatawar halaccin yankan Ahlul Kitabi, akwai kuma waɗanda suka tsaya a kan kifi da ganye, kuma kowa ya samu abin da ya ƙoshi da shi.

Mai kan saniyar da aka tura ni wajensa ya zama wurin zuwana. Yana turara kan ne a ƙarƙashin leda da tsumma mai tsabta, ba ya zuba mai ko kaɗan, kuma mai saye yana zaɓar kumatu ko harshe ko leɓe ko kuma a haɗa masa duka. Tortiyar ma a kan tiririn take ɗumi. Na harshe ya fi tsada, amma ni na kumatu na fi so, domin yana da ɗan kitsen da yake narkewa a baki, kuma koriyar salsa mai tsami tana daidaita shi.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne barbacoa, abincin safiyar Asabar da Lahadi. A jihar Hidalgo, arewa da birnin, ake haƙa rami a ƙasa, a ƙona itace a ciki har duwatsun da aka jera su yi ja, a ajiye tukunya a ƙasa da ruwa da shinkafa da wani wake mai zagaye da barkono, a ɗora naman rago a sama, a lulluɓe shi da faffaɗan ganyen wani babban tsiro mai suna maguey da aka gasa ya yi laushi, sannan a rufe ramin ya kwana. Kitsen da romon naman suna ɗiga cikin tukunyar tsawon dare. Kafin gari ya waye an buɗe ramin, an ɗora naman a mota zuwa kasuwannin mako da ake kafawa a titunan unguwanni. A gabana mai sayarwa ya ɗaga ganyen da ya yi baƙi, tiriri ya taso, ya zare ƙashin kafaɗa da yatsu biyu ba tare da wuƙa ba. Ana fara shan romon a kwano da albasa da lemon tsami, sannan a bi da tako. Idan rana ta take, mai kyau ya ƙare. A nan ma akwai abin lura, domin salsar da aka saba ci da shi, wadda ake kira borracha, da pulque ake haɗa ta, wato giyar da ake yi da ruwan maguey, don haka sai mutum ya nemi wata.

Bayan na saba da rumfunan unguwa ne na je wani bikin tako da aka shirya a wani babban fili a cikin birnin, inda masu sayarwa daga jihohi daban-daban suka kafa tantuna a jere. Amfanin irin wannan taro a fili yake, domin abin da sai mutum ya yi tafiyar kwanaki kafin ya gani yana samunsa a wuni ɗaya. A can na ɗanɗana birria ta Jalisco, naman akuya da aka dafa a jan romo mai kayan ƙamshi, da gasasshen naman saniya irin na Sonora, da tako na furen kabewa, da na huitlacoche, wata baƙar naman gwari da take tsirowa a jikin zangarniyar masara wadda suke ɗauka da daraja. Wajen 'yan Oaxaca na tarar da soyayyar fara da barkono da lemon tsami, kuma ɗanɗanonta bai yi nisa da wadda ake sayarwa a kasuwannin Maiduguri da Maraɗi ba. Abin sha kuwa zobo ne mai sanyi, wanda ake samu a wurare da yawa a ƙasar. Kifi irin na Ensenada ma yana nan, sai dai na tambaya aka ce mini da giya aka kwaɓa fulawar da ake tsoma shi, don haka na nemi gasasshe.

Duk da haka, ban fita daga bikin da gamsuwar da nake samu a unguwa ba. Tortiya a yawancin tantunan tun safe aka kawo ta a kwali, naman yana jira a manyan faranti yana bushewa, layi yana da tsawo, kuɗin kuma ya zarce na titi sosai. Mai dafawa yana sauri ne ya sallami taron da ba zai sake gani ba, kuma a irin wannan cunkoso tambayar man da aka yi amfani da shi ba ta samun cikakkiyar amsa. Bukukuwan da garuruwa suke yi wa abincinsu na gado dabam suke, kamar bikin barbacoa na Actopan a watan Yuli da na takon kwando a San Vicente Xiloxochitla a watan Disamba, domin a can masu sana'ar suna gida ne, a gaban maƙwabtan da suka san hannun kowa. A ganina biki wurin gano sunaye ne da ɗanɗanon farko, daga nan sai mutum ya bi abin da ya burge shi zuwa rumfar da take yin sa kullum.

Duniya ma ta fara waiwayar waɗannan ƙananan wurare. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na Meziko a jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, kuma a 2024 kundin Michelin, mai karrama fitattun gidajen abinci na duniya, ya ba da tauraronsa na yabo ga El Califa de León, wani ɗan ƙaramin shago a unguwar San Rafael da yake aiki tun 1968, wanda irin takon da yake sayarwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wannan ya dace da abin da na gani da idona, cewa rumfar da ta taƙaita a kan abu ɗaya ko biyu ta fi wadda allonta ya cika da sunaye.

Wajen zaɓen rumfa na dogara da alamu kaɗan. Ina duba inda 'yan unguwa suke tsaye, musamman mata da yara da ma'aikata masu kayan aiki, domin inda ciniki yake tafiya nama ba ya kwana. Ina duba ko wanda yake karɓar kuɗi dabam ne da mai taɓa abinci, da kuma ko salsar a rufe take ko ta wuni a rana. Ita salsar kuma launinta ba ya nuna zafinta, sau da yawa koriyar da take kama da markaɗaɗɗiyar fiya ta fi jar zafi, saboda haka nakan ɗiga kaɗan a gefen faranti in ɗanɗana kafin in zuba. Ya fi kyau a nemi tako biyu a ci da zafinsu sannan a ƙara, maimakon a tara biyar su huce. Biyan kuɗi kuma sai an gama ci. Mai rumfa yakan tambayi mutum nawa ya ci, ya faɗa da bakinsa, a lissafa masa a kan abin da ya faɗa, kuma yana da kyau a riƙe ƙananan takardun peso da sulalla, domin yawancin rumfunan titi ba sa karɓar kati kuma babbar takarda tana ba su wahalar canji.