Kabewar buhu ta kama, bayan ta gama gasa mini gyaɗa a hannu

'Yan uwa masu lambun buhu, a taya ni murna, kabewata ta kama. Guda biyu ne a yaɗo ɗaya, babbar ta fi ƙarfin tafin hannuna biyu, ƙaramar na biye da ita, kuma dukansu kore shar, babu ko ɗigon rawayar nan da ta sa na kusa tumɓuke shukar in watsa alayyafo a buhun in huta. Waɗanda suka sha jin ƙorafina tun shigowar sanyi sun san baƙin cikin da kabewar nan ta ƙunsa mini.

Ba sai na tsaya kan haɗin ƙasa ba, kowa da nasa. Abin da zan ce kawai, ƙasarmu ta Gombe yashi ya yi mata yawa, ruwa ba ya zama, don haka na ƙara takin awaki wanda ya ruɓe sosai, na rufe bakin buhun da ɓawon gyaɗa. Irin kuwa na wata kabewa ce mai jan ciki da maigida ya sayo a Kwadon, wadda ta yi mana taushe har yara suka nemi ƙarin masa. Na shuka a ƙarshen Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, a babban buhun masara, can lungun bayan kicin. Tsarin da na rubuta a lokacin, wai tumatir da fari, sannan kabewa, sannan rumfar kara, takardar ma ta ɓata. Kabewa ta cinye wurin. Ta haye katanga, ta leƙa gidan maƙwabta, ganye fankama-fankama, duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah.

'Ya'ya ne dai babu.

Furen farko duk zubewa ya yi, ban damu ba, don an ce haka na farko yake yi. Sai masu ɗan ƙullutu a gindi suka fara fitowa, na ce to, ga kabewa. Ƙullutun ya ɗan tasa, ya kai girman ƙwan kaza, ya tsaya cak. Daga nan sai rawaya ta fara daga bakin, ya yi laushi, ya yanƙwane, ka taɓa shi ya faɗo hannunka. Wani ya fito, shi ma haka. Wani ya biyo, haka. Na daina ƙirgawa don kada hawan jini ya kama ni a kan kabewa.

Shawara kuwa na sha ta har ta ishe ni. Wata ta ce ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, in daka ɓawon ƙwai in zuba. Na daka, na zuba. Wani ya ce taki ne bai isa ba, in ƙara yuriya, alhali yuriya ganye take ƙarawa, ni kuwa ganye ne ya yi mini yawa. Wata Hajiya a wurin aiki ta ce baki ne, in rataya tsohon takalmi a katanga. Wadda ta fi ci mini rai ita ce kwalbar ruwan takin feshi da wani mai shagon kayan gona ya rantse mini yana hana zubar fure. N6,500 na ƙirga na ba shi, a ƙarshen wata, lokacin da kuɗin makarantar yara ke jirana. Na fesa, ganye ya ƙara sheƙi, 'ya'ya suka ci gaba da ruɓewa. Sai aka ce ƙishirwa ce, na ninka ban ruwa. Mu kuwa famfo bai kai layinmu ba, da 'yan ga-ruwa muke rayuwa, kuma kowa ya san yadda kurar ruwa take tashi da rani. Har maigida ya fara lissafi a gabana, wai kuɗin ruwan da kabewar nan ta sha ya isa ya cika but ɗin mota da kabewa daga Tsohuwar Kasuwa. Ban tanka masa ba.

Abu ɗaya mai amfani da na yi a wannan tsakanin shi ne na riƙa tsaga waɗanda suka faɗi. Ku ma ku yi, don ƙudan da ke huda kabewa da kankana da gurji yana kawo ruɓewa mai kama da wannan. In shi ne, za ka ga ɗan tabon huda a fata, wani lokaci da ɗan danƙo a wurin, ciki kuma ga ƙananan tsutsotsi farare. Nawa babu huda, babu tsutsa, cikin fayau, sai 'yan alamun iri da ba su yi ƙwari ba.

Ana nan sai Goggo, ƙanwar baban maigida, ta zo ganin likita ta sauka a gidanmu. A wajen Dadin Kowa take, ta tsufa cikin noman rani a ƙasan dam. Da yamma na dawo aiki, ko mayafi ban cire ba na ɗauki bokiti na nufi lungu, ta biyo ni tana dogara sanda. Ta ɗaga ganye, ta duba furannin da suka lanƙwashe, ta ɗauki ruɓaɓɓiya ɗaya ta murza.

"Ke 'yar nan, da wane lokaci kike zuwa wurin shukar nan?"

"Da yamma, Goggo, in na dawo."

"Kullum?"

"Kullum."

"To ai gawar fure kike tararwa. Gobe in kin sallame asuba kada ki shiga kicin, ki same ni a nan."

Ku da kuke da yara 'yan makaranta kun san abin da take nema in bari. Daga sallame salla har fita, ni ba mutum ba ce. Ruwan wanka a wuta, shayi, kwanon abincin kowa, neman safa ɗaya da kullum sai ta ɓata, waya a kafaɗa ina amsa saƙon ofis, ga mai Keke Napep yana danna ham a ƙofar gida don daga Tumfure zuwa cikin gari ba nan kusa ba ne. Asabar wanki da biki, Lahadi kitso da girkin mako. Shukar da nake shayarwa da kuɗina, ban taɓa ganin furenta a buɗe ba. A zatona haka furen kabewa yake, a murɗe, a langaɓe, har ina cewa ciwo ne.

Na fito da rigar sanyi, hazo ya rufe gari, ga Goggo zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Da gari ya fara wayewa sai na gan su. Manya-manya, ruwan ɗorawa, a buɗe wangam, kowanne ya kai faɗin tafin hannu, sun cika katangar da na saba gani ba komai sai ganye. Na tsaya riƙe da baki. Goggo ta ce in zauna, in yi shiru, in gaya mata abin da zai shiga furen. Muka zauna har rana ta fito fara fat a cikin ƙura. Kiyashi ne kawai ke shiga yana fita. Ƙudan zuma ko ɗaya bai zo ba.

Ga matsalar gaba ɗaya. Kabewa fure iri biyu take yi a jiki ɗaya. Namiji yana da dogon siririn kara, a cikinsa ɗan sanda guda mai garin rawaya. Macen karanta gajere ne mai kauri, ita ce mai ƙullutu a gindi, cikinta kuma ya rabu kashi uku, yana da danshi da ɗan danƙo. Maza ke fara fitowa, shi ya sa furen farko ke zubewa ba komai. Garin nan yana da nauyi da maƙewa, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya kwasa ya kai. Kuma kowane fure safiya ɗaya tak yake buɗewa. Da hantsi ya ɗaga ya rufe, ba ya sake buɗewa. In garin bai isa ga macen ba a wannan safiyar, ƙullutun zai ɗan girma da ƙarfin da ya fito da shi, sannan uwar ta yar da shi. A gona zuma ke wannan aiki ba wanda ya lura. A lungun siminti mai katanga huɗu, a unguwar da kowa ke feshin sauro, sai dai ka zama zumar da kanka.

Goggo ta tsinke namiji ɗaya, ta yage masa ganyen furen ta bar sandar tsirara, ta miƙo mini. Ta ce in goga a hankali a cikin macen, in tabbatar kowane kashi ya samu, in ba haka ba kabewar za ta fito a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shanye. Na goga hannuna na rawa, yatsuna duk suka yi rawaya. Ta ciro zare daga bakin zanenta ta ɗaura a karan don mu gane ta. A cikin kwana 2 zuwa 3 ake sanin sakamako: wadda ta kama fatarta na sheƙi, tana ƙara girma ido na gani, karan yana kauri. Tawa ta yi haka. Na yi ihu a lungu har maigida ya fito da gudu, ya ɗauka maciji ne.

Ba duka suka tafi daidai ba bayan Goggo ta koma. Akwai safiyar da mace ta buɗe, kyakkyawa, babu namiji ko ɗaya a buɗe. Na aiki babban ɗana gidan wata maƙwabciya mai kabewa a bayan gida, in ji shi ya tsaya a zaure ya kasa faɗin saƙon, don kunyar ya ce Mama ta ce a ba ta namijin fure. Kafin ya dawo rana ta yi, ta rufe. Wata kuma Auta ce ta yi mini gwaninta ta watsa wa furannin ruwa da buta kafin in fito, garin ya jiƙe ya dunƙule, bai kama ba. Don haka ban ruwa a gindi kawai, kuma bayan an gama. Na kuma koyi dubawa tun da yamma: furen da zai buɗe gobe bakinsa yana yin rawaya yana kumbura, sai in san ko akwai mace a hanya, in ƙirga mazan da za su tashi tare da ita. Maza biyu ga mace ɗaya ya fi tabbas.

Abin da ban zata ba shi ne zaman ya kama ni. Yanzu ko babu macen da za ta buɗe, ina fitowa. Nakan haɗa kayan makaranta tun dare, in bar waya a caji a ɗaki, in ɗauki kofin shayina in zauna a kujerar da Goggo ta bari, kwata ɗin awa ko ƙasa da haka. Ashe akwai wasu 'yan jajayen tsuntsaye, baiwar Allah, da ke saukowa shan ruwan da ya taru a gindin buhu, mace da namiji, kullum tare. Ashe karatun almajiran bayan layinmu yana shigowa har lungun, da ƙamshin man mai ƙosai. Akwai jan gwada ɗaya da ke fitowa kan bulo ɗaya, ya jira rana, sanyi ya hana shi ko gyaɗa kai. Hannun yaɗon kabewar da na gani yana lilo a iska da safe, in na dawo da yamma ya naɗe ƙusa ya riƙe gam. Shekaru muna gidan nan, wannan lungu wurin ajiye tsintsiya da tsofaffin bokitai ne kawai a wurina. Auta ta fara biyo ni, ita ke nemo mini maza yanzu, kuma a nan take ba ni labaran ajinsu waɗanda da a cikin keke take farawa ina ce mata ta bari sai anjima. Aikin gidan bai ragu ba, mai keke bai daina ham ba, kuma wasu ranakun a makare muke fita. Na dai ƙi sakin wannan kwatan awar, duk wanda ya kira a lokacin ya sake kira.

Zuma ma ta fara leƙowa. Da rani ruwa da zaƙi take nema, shi ya sa kuke ganinta ta yanyame bakin rijiya da teburin mai rake. Na ajiye tsohon faranti da tsakuwa a ciki na zuba ruwa kaɗan yadda za ta sauka ba ta nutse ba, na bar ɗoɗɗoyar da ke gefe ta yi fure maimakon in riƙa tsinke kanta. Kwanakin baya na ga biyu sun shiga namiji sun fito jikinsu buɗu-buɗu da gari, suka faɗa macen da ke kusa. Duk da haka na bi da hannu, ban yarda da su ba tukuna. Wanda dole sai ya yi feshin ƙwari, don Allah ya bari sai magariba lokacin da fure ya rufe, ko da ruwan ganyen dogon yaro ne.

Na tsaya a kan biyu. Buhu ɗaya ba zai ciyar da fiye da haka ba, don haka sauran matan da ke fitowa ina cire su, duk da raina ba ya so, na kuma datse kan yaɗon da ya tsallaka maƙwabta. Babbar a jikin katanga take rataye, na yi mata majanyi da tsohon ɗankwali na ɗaure a ƙusa don kada nauyi ya tsinke karan. Ƙaramar na sa mata guntun gidan sauro saboda ƙudan huda. Sai karan ya bushe ya yi tauri, fatar ta ƙi karɓar farce, sannan zan yanka, abin da zai kai mu wajen wata biyu daga ranar da ta kama.

Sabon ciwon kai kuma shi ne farin gari da ya fara bayyana a tsofaffin ganyen ƙasa, tabo-tabo, yana haurawa sama. Da na ɗauka ƙurar hunturu ce, na goge ya dawo. Na yanke waɗanda ya fi ci na ƙone, na rage cunkoson ganye don iska ta ratsa. Wanda ya taɓa korar wannan abu daga kabewa ko gurji ba tare da ya kori zuma ba, ya gaya mini abin da ya yi da yadda ya auna. Amma kada wanda ya sake turo ni shagon kwalba.