Tirpitz da ranar da na sha kunya a ɗakin kare kundi

Jiya na miƙa kwafi huɗu na kundina a ofishin sashe, sakatare ya buga hatimi, na fito. Shekara huɗu ke nan a kan digiri na biyu da aka ce na shekara biyu ne. Yajin aiki ya ci nasa rabon, amma shekara guda cif ni na zubar da ita da hannuna, ko in ce ni da wani.

Aikin a kan manyan jiragen ruwan yaƙin Jamus ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Na sha ba'a wurin abokai, wai mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar Tiga ba shi ne zai yi hukunci a kan yaƙin teku. Ra'ayin da na gina babi na huɗu a kai shi ne jiragen nan asarar ƙarfe ne kawai, kuma hujja a zube take. Bismarck fita ɗaya ya yi, a watan Mayun 1941. Ranar 24 ya nutsar da Hood na Ingila, mutum 3 suka tsira cikin 1,418, kwana uku bayan nan shi ma ya tafi ƙasan teku, bayan wasu tsofaffin jiragen sama samfurin Swordfish sun lalata masa sitiyari ya kasa juyawa. Ɗan'uwansa Tirpitz kuwa kusan shekara uku ya yi yana laɓe a lungunan gaɓar Norway, bai taɓa harbin jirgin ruwan abokan gaba da manyan bindigoginsa ba, har jiragen saman Ingila samfurin Lancaster suka kife shi kusa da Tromso ranar 12 ga Nuwamba 1944. Sai na rubuta jimlar da nake ji da ita: "Tirpitz bai nutsar da ko kwalekwale ba."

Wata biyar babin ya yi a teburin malamin da ke duba mini aikin. Da ya dawo, jan biro ya tsaya a shafi na uku, akwai zoben kofin shayi a kan na farko. Ya ce, "Ya yi, je ka buga."

Mai jarrabawar da aka gayyato daga waje dattijo ne mai sanyin murya. Ya buɗe daidai shafin, ya ce, "Ɗana, ka san PQ 17?" Na taɓa ganin sunan, na wuce. Shi ya ba ni labarin a gaban kowa: ayarin jiragen dakon kaya 35 da suka tashi daga Iceland ƙarshen Yunin 1942 za su kai wa Tarayyar Sobiyet makamai. Ranar 4 ga Yuli, Admiral Dudley Pound, shugaban sojojin ruwan Ingila a Landan, ya ɗauka Tirpitz na tafe, ya janye jiragen rakiya, ya ce ayarin ya watse. 11 ne suka isa. Tirpitz ya fito washegari, ya koma bai harba komai ba.

"Wa ya nutsar da sauran 24?"

"Jiragen ƙarƙashin ruwa da na sama, ranka ya daɗe."

"To, wa ya kore musu masu gadi?"

Ƙarar fanka kaɗai ake ji. Wannan kuskurena ne, na ƙirga abin da jirgi ya harba, ban ƙirga abin da tsoronsa ya sa aka yi ba. Abin da har yau ke tsaya mini a maƙogwaro shi ne muryar malamina daga gefe: "Wallahi Farfesa na gaya masa. Yaran yanzu ba sa jin magana." Na dube shi, yana duban silin.

Aka ce in sake babin gaba ɗaya. A nan ne na ga yadda jirgi ɗaya da ke kwance ya ɗaure wa Ingila manyan jirage a Scapa Flow, sansaninta na ruwa a arewacin Scotland, ya sa ta kai hari Saint-Nazaire a Maris 1942 don rusa tashar gyara guda da za ta iya ɗaukarsa a gaɓar Faransa ta yamma, ta kuma tura masa ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa a Satumban 1943. Na kuma gano abin da ya ɗan sanyaya mini rai: Hitler ma ra'ayina na farko ya ɗauka, ya ce a wargaza manyan jiragen bayan abin kunyar Tekun Barents a ƙarshen 1942, inda jiragen Jamus suka kasa cin wani ayarin dakon kaya, har Raeder, shugaban sojojin ruwan Jamus, ya ajiye aiki. Dönitz da ya gaje shi, mutumin jiragen ƙarƙashin ruwa, shi ya lallashe shi a bar su. Ba a kan kowa ya kamata mutum ya yi murnar dacewa da ra'ayi ba, na sani.

Ga masu tasowa a sashen: jimlar da ta fi yi maka daɗi, ita za ka fara tuhuma. Ka ajiye kwafin duk babin da aka dawo maka da shi, da tabon shayinsa. Ka ba wani da ba ya ƙaunarka sosai ya karanta.

A shafin godiya sunan malamin nan ne na biyu, bayan iyayena, kamar yadda aka saba. Dattijon nan na sa shi na uku, duk da sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, kuma layinsa ya fi tsawo.