Godiya bayan kofin Cubs

Assalamu alaikum 'yan'uwa na nan Shikago da na gida.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Tun daren Laraba 2 ga Nuwamba 2016 da Cubs, ƙungiyar besbol ta nan Shikago, suka ɗauki kofin World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, har zuwa Juma'a da aka zaga gari da shi aka ƙare a Grant Park, ban samu zama na gode wa kowa ba.

Na fara da maƙwabcina, dattijon Ba'amurken da ya koya mini besbol lokacin da nake ganinsa wasan tsaye-tsaye kawai. Baba, na gode. Rabon ƙungiyar nan da kofi tun 1908, shekara 108 ke nan, mahaifinsa ma har ya koma ga Allah bai gani ba. Da muka je Wrigley, filin wasan Cubs, ya sa alli ya rubuta sunan uban a jikin katanga, cikin sunayen mamata da jama'a suka cika wurin da su. Mu da muka zo jiya-jiya mun tarar an gama wahalar jira, amma ba wanda ya ce mana baƙi ne, aka matsa mana wuri muka yi murna tare.

Sai 'yan wasa. Sun ci wasa 103 a kakar 2016, suka fitar da Giants, suka fitar da Dodgers. A karawar ƙarshe, wadda wanda ya fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, da Cleveland ta ci uku muna da ɗaya, wallahi da yawanmu mun sallama. Suka farfaɗo har aka kai wasa na bakwai. Muna gaba, sai a zagaye na takwas Rajai Davis na Cleveland ya ɗaga ƙwallon da mai jifarmu Chapman ya jefo ta haye katanga, aka koma 6 da 6. Falona ya yi tsit. Ni dai har gobe ina ganin koci Joe Maddon ya gajiyar da Chapman a wasannin baya, amma tunda an ci, a bar maganar. Ana shirin shiga zagaye na goma ruwa ya sauko, aka tsaya minti 17, Jason Heyward ya tara 'yan'uwansa a ɗaki ya ƙarfafa musu gwiwa. Da aka dawo Ben Zobrist ya kawo maki, Miguel Montero ya ƙara, aka tashi 8 da 7 bayan Kris Bryant ya jefa wa Anthony Rizzo ƙwallon ƙarshe. David Ross kuwa, yana shekara 39 a wasansa na bankwana, shi ma sai da ya haye katanga da tasa.

Hajiyoyinmu da suka kawo masa da miyar taushe da kunun gyaɗa, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a. Samarin da suka mayar da mutane gidajensu cikin cunkoson daren nan, sannunku da ƙoƙari.

Yayana na Kano, kai ko dokar wasan ba ka sani ba, amma kana kan waya kana tambayar "an ci?" har asuba ta yi a can. Allah ya bar zumunci.

Akwai kuloli biyu da wata hular Cubs ta yaro da aka manta a gidana. Mai su ya kira ni, ko na taho da su masallaci ranar Juma'a.