Abin da na koya a kan ƙaramin kan jirgin bakin ruwa a Biristol

Lokacin da nake karatu a Biristol ta Ingila, ranakun Asabar nakan sauka bakin ruwa wajen gidan tarihin nan M Shed, a nan na fara ganin wani ɗan kan jirgin ƙasa mai amfani da kwal yana tafiya a hankali yana fesa tururi. Gaskiya da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba, ni a kaina jirgi sai dogo mai gudu. Daga baya na shiga cikin masu aikin sa kai na wurin, kuma wata da watanni ba abin da nake yi sai goge ƙarafa da tsumma da kwashe toka, don ba a barin sabon zuwa ya taɓa wuta.

Kawunan jirgin guda biyu ne, Portbury da Henbury, duk a garin aka ƙera su. Portbury kamfanin Avonside ne ya yi shi a 1917, Henbury kuma kamfanin Peckett a 1937, kuma dukansu a tashar jiragen ruwa ta Avonmouth suka ci ƙuruciyarsu suna jan taragu daga gindin jirgin ruwa zuwa sito, daga sito zuwa babban layi. Ba sa zuwa ko'ina, a jera taragu, a raba su, a koma baya a ɗauko wasu, haka wuni guda.

Sai da na shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu da tocila sannan na gane me ya sa aka yi shi a dunƙule haka. Layin dogon bakin ruwa kwana ce da shi mai tsanani, yana ratsawa tsakanin sito da sito, babban kan jirgi in ya shiga ƙafafunsa sai su goce, shi ya sa ake matse ƙafafun waɗannan kusa da juna. Tankin ruwa kuma a kan tukunyar aka ɗora shi kamar sirdi a bayan doki, nauyin ruwan yana danne ƙafafun su kama ƙarfe, kwal ɗinsa ma a jikinsa yake, baya jan wani tarago na daban, don haka direba yana ganin gaba yana ganin baya. A Liverpool wasu ma sun fi waɗannan ƙanƙanta, ƙafa huɗu kacal, har da abin tare tartsatsi a bakin bututun hayaƙi saboda auduga da katako da ke jibge a wurin.

Ranar da aka fara ba ni shebur, wani dattijo da ya daɗe a aikin yana tsaye a kaina. Na ga allurar agogon tururi tana sauka sai na rikice na dinga zuba kwal ba ƙaƙƙautawa, wutar ta shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allurar kuma ta ƙara yin ƙasa. Bai yi min faɗa ba, ya karɓi shebur ɗin ya nuna min, kaɗan-kaɗan akai-akai, a watsa shi kusurwa-kusurwa kar a bar rami kar a tara tudu, wuta tana son iska kamar dai murhun gida. Sannan ya ɗora yatsa a kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya ya ce wannan shi ne ranka, in ruwa ya sauka ya bar saman akwatin wuta a bushe an shiga uku. Tun daga ranar idona baya minti biyu bai koma kan gilashin nan ba.

Wani abin kuma, tun da duku-duku ake hura wuta, sai an yi awoyi kafin tururi ya kai, in ka gaggauta ƙarfen ya buɗe ba daidai ba ya ɓaci. Abin da ya kashe musu kasuwa kenan, injin dizal makulli kawai za ka murɗa. A tashar jiragen ruwa ta Southampton bayan yaƙin duniya na biyu an sayi ragowar kawunan jirgi 'yan Amurka da sojoji suka bari, amma a 1962 dizal ya zo ya karɓe aikin, su Henbury ma a shekarun 1960 aka sallame su.

Ina tsaye a cikin kan jirgin nakan tuna dalar gyadar Kano, jirgi ya kwaso ta tun daga arewa har Apapa, to a can ma dole sai an samu mai turo taragun su tsaya daidai gindin jirgin ruwa, kuma a duk labarin gyada da na ji a gida ba wanda ya taɓa ambaton wannan aikin, abin yana damuna wallahi.

Ranar ƙarshe da na yi da su ana yayyafi, layin ya yi santsi ƙafafun suka fara juyawa a wuri ɗaya, dattijon ya sassauta tururi ya saki yashi a kan ƙarfen, sai ga shi ya kama a hankali ya ja taragunsa muka wuce gaban manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya da ke jere a bakin ruwan.