Magungunan wanke fim HC-110 da Ilfotec HC ba ɗaya ba ne, ku daina cewa haka

Wallahi har yanzu in na ɗaga nagatif ɗin wani biki da na ɗauka a Agege na duba sai raina ya ɓaci. Fim ɗin HP5 ne na kamfanin Ilford, nadi biyu, ɗaurin aure, ango da abokansa duk cikin fararen manyan riguna, aikin ɗinkin wuyan nan da na tsaya na ɗauka kusa-kusa babu shi, nagatif ya yi baƙi ƙirin a wurin, in ka sikanin sai fari fat kawai.

Da magungunan wankin D-76 da ID-11 ban taɓa samun matsala ba, waɗannan kam kusan haɗi ɗaya ne, in ba ka sirka ba minti 7 da rabi ne a digiri 20 ko wanne ka zuba wa HP5. To wannan ne ya sa da Ilfotec HC ɗina ya ƙare wani abokin sana'a ya miƙo min HC-110 na kamfanin Kodak ya ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, sirki ɗaya 1+31, wato kashi ɗaya na magani da kashi 31 na ruwa, zuba kawai. Na zuba na ba shi minti 6 da rabi yadda na saba da Ilfotec HC. Ashe a takardar Ilford kanta HC-110 sirkin B, wato 1+31 ɗin nan, minti 5 ne. Minti ɗaya da rabi a kan biyar, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan ka ƙara, a kan fararen kaya cikin ranar Legas kuma.

Sannan ga zafi. Duk lambobin nan na digiri 20 ne, mu kuwa ruwan tankin saman gida da rana in ka tsoma ma'auni sai ka ga ya kusa 30. Ina sanyaya nawa da fiya wota mai ƙanƙara, amma ranar an ɗauke wuta tun dare, ƙanƙarar rabi ta narke, na fara a 22 kafin in zubar ya haura 24 don tankin wanke fim ɗin ma da hannuna duk suna ɗumama shi. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru sai ka rage kusan kashi goma cikin ɗari na lokaci, yi lissafi ka gani, abin da ya kamata ya tsaya wajen minti 4 ya sha 6 da rabi.

Kuma kar ka ce to shi ke nan sai ka riƙa yin minti 4 ɗin. Ƙasa da minti 5 zubawa da zubarwa kaɗai sun ci maka lokaci, sararin sama ya fito da dabbare-dabbare, Kodak da kansu suna gargaɗi a kan haka. Ni yanzu 1+63 nake sirka HC-110, wanda ake kira H, in ninka lokacin B sannan in rage na zafi, tankin yana zaune cikin roba mai ruwan sanyi har in gama. Ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Wani abu da mutane ba sa kula da shi wajen kwatanta lokutan nan shi ne girgizawa. Kodak daƙiƙa 5 duk rabin minti suke faɗa, Ilford kuma juyi huɗu a farkon kowane minti, to in ka ɗauko lokaci daga takardar wannan ka yi girgizar wancan kada ka yi mamaki in fari da baƙin suka yi tsauri.

Abokin nawa har yau yana cewa shi haka yake yi kuma lafiya lau yake fita. Eh mana, ɗakinsa da AC, kuma fim ɗin da yake wankewa ba HP5 ba ne, sai daga baya ya faɗa min. Angon kuwa hotunan waya na ƙannensa ya haɗa ya kai aka buga masa.