Godiya bayan kare kundin digirin digirgir

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta gabata na kare kundina na digiri na uku a fannin kimiyyar ƙarafa, kuma malamai sun amince da shi, sai 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi kowa da amsa, shi ya sa na haɗa ku a nan.

Da yawa kun tambaya wane irin ƙarfe ne ya hana ni zuwa gida Sallah. Farfelar cikin injin jirgin sama da haɗin nikel ake yin ta, shi kuwa wajen digiri 1,300 na Salshiyas yake fara narkewa, alhali injin ya fi tsimin mai idan zafinsa ya ƙaru. Shi ya sa ake neman haɗin ƙarfen da ya fi shi jure zafi. A 2004 Jien-Wei Yeh a Taiwan da Brian Cantor a Ingila, kowa da nasa binciken, suka nuna ana iya narka ƙarafa biyar ko fiye wuri guda, kusan daidai wa daida. A 2010 Oleg Senkov da abokan aikinsa a Amurka suka gwada dabarar da ƙarafa masu wuyar narkewa: niyobiyam, molibdinam, tantalam da tangistan, wanda sai a digiri 3,422 yake narkewa. Haɗin ya riƙe ƙarfinsa har a digiri 1,600, amma gautsi gare shi. Idan ba zafi, da an danne shi kaɗan sai ya tsage. Wani haɗin kuma, na hafniyam, niyobiyam, tantalam, titaniyam da zarkoniyam, yana da danƙo har a murza shi ya zama falle, sai dai zafi na tsananta yake saki. Tsakanin waɗannan biyun na yi ta lalube. Niyobiyam ɗin ma ba baƙo ba ne, daga ma'adinin kolumbayit ake samunsa, wanda ake haƙowa tare da kuza a Jos.

Farfesa mai kula da aikina, Allah ya ƙara girma. Ranka ya daɗe, jan bironka ya sha ba ni haushi, yau kuwa shi ya tsaya mini a gaban masu jarrabawa. Babbar godiyata ga ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda sunansa ba ya fitowa a kan takarda. Shi ya koya mini narkawa a cikin iskar argon, wadda ke kare ƙarfen daga iskar oksijin, a juya curin a sake narkawa har ya gauraya, domin idan iskar oksijin ko kaɗan ta shiga, gautsin ƙaruwa yake yi.

Hajiya, addu'arki ce. Yaya, kai ka riƙe gida ba ka taɓa yi mini gori ba. Maman yara, Allah ya bar zumunci, ya biya ki haƙurinki. Allah ya jiƙan Baba.

Aiki dai da saura. Waɗannan ƙarafa ba sa jure iska a cikin tsananin zafi, musamman molibdinam, kuma nan zan sa gaba in Allah ya yarda. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Allah ya saka wa kowa da alheri.